Wata uku ina ƙidayar kwamfutocin makarantarmu da Lansweeper

Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta, guda 46 har da na ɗakin jarrabawa. Da a littafi nake rubuta bayanan kowace, ina bi ofis-ofis. Wata uku da suka wuce na ɗora Lansweeper, manhajar wani kamfanin Beljiyam, wadda take ƙidaya na'ura har 100 kyauta. Ranar farko ta kawo min 35 da cikakken bayaninsu, sauran 11 kuwa suka ƙi.

Abin da ya sa na riƙe ta shi ne duk wadda ta kasa shiga sai ta faɗi dalili, kuma da na bi dalilan sai na tarar gyaran duk a wajenmu yake.

Biyar sun nuna lamba 0x800706BA, wato RPC, hanyar da kwamfuta ke kiran wata kwamfutar daga nesa, ba ya amsawa. Manhajar ba ta ajiye komai a cikin kwamfutar da take bincika. Daga nesa take tambayar Windows ta hanyar WMI, sashen Windows da ke ba da bayanan kwamfuta, ta ƙwanƙwasa ƙofar sadarwa (port) ta 135, sannan a ba ta wata ƙofar tsakanin 49152 da 65535. Ni kuwa 135 kaɗai na buɗe a katangar tsaro (firewall). Da na kunna ƙa'idojin WMI da Windows ta zo da su a katangar, huɗu suka shigo nan take. Ta biyar ta ɗakin malamai ce: an ɗauke wuta, ta dawo da sabuwar lambar IP, wato adireshinta a hanyar sadarwa, ana ta neman ta a tsohuwar.

Waɗanda suka ci min rai huɗun ofishin kuɗi ne, masu 0x80070005, wato an hana shiga. Na sake buga kalmar sirri ya fi sau goma. Na zauna a gaban kwamfutar akantanmu, na shiga da asusun da na ba manhajar lafiya lau, na koma teburina, sai a ce babu izini. Ashe kwamfutocin ba sa cikin domen, wato tsarin da ke riƙe asusun kwamfutoci duka a wuri ɗaya, kuma tun daga Vista, idan asusun cikin gida, wanda aka buɗe a kan kwamfutar kanta, ya zo daga nesa Windows tana cire masa ikon shugabanci, ko da a rukunin masu iko yake. Maganin shi ne a ƙirƙiri LocalAccountTokenFilterPolicy a rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta, a ba shi 1. Na yi, amma sai da na fara bai wa kowace kwamfuta kalmar sirrinta daban. Idan kalma ɗaya ce ke buɗe duka, wanda ya samu shiga ɗaya ya samu sauran, kuma nan ne takardun kuɗin makaranta suke. Don Allah kada wanda ya tsallake wannan matakin.

Biyun ƙarshe laftof ne, na shugabar makaranta da mataimakinta, kullum suna cikin jaka a lokacin da ake binciken. Na sa musu LsAgent, ƙaramar manhajar da ke aiko da bayani da kanta duk inda aka samu intanet. Da na gaya wa Hajiya shugabar ranar Litinin cewa ma'adanar laftof ɗinta ta kusa cika, sai ta miƙo min shi ta ce, "To Malam, tunda ka gani, sai ka rage min."