Murhun tsimin itace da muka sa a makarantarmu a Marwa: girki da ruwan zafi ya yi, ɗumama zaure kam babu

Salamu alaikum jama'a. Masu ta tambaya ta kan murhun nan da kwamitin makarantarmu ta allo ya sa wani mai walda ya ƙera mana, to ga abin da na gani bayan mun ci sanyin bana da shi. Kuɗinmu bai tafi a banza ba gaskiya, amma akwai abin da aka ce mana zai yi wanda bai yi ba, gara in faɗa tun yanzu kar wani ya je ya saya da wannan niyyar.

Rabin durom ne aka yanka aka dama yumɓu da ƙaiƙayin shinkafa aka liƙe cikinsa, tukunya tana nitsewa ciki har wuya, ƙofar itacen 'yar ƙarama ce daga ƙasa kuma itacen a kan wani ɗan ƙarfe yake zama yadda iska za ta riƙa shiga ta ƙarƙashinsa, sai bututun hayaƙi da ya fita ta bango. Shi kenan. Wutar ba ta watsewa gefe kaman ta murhun duwatsu uku, duk zafin gindin tukunya da gefenta yake bi.

Wajen cin itace wallahi ba ƙarya. Damin da a da ba ya kai mu magariba yanzu sai ya kwana har a dama kokon safe da shi, kuma duk wanda ke sayen itace a Marwa ya san abin da nake nufi, itacen da ake ɗaukowa tun daga wajen Mindif da Bogo a kan keke da amalanke, kullum dami na ƙara ƙanƙancewa kuɗi na hawa. Tun 2008 da gwamnatin Kamaru ta farfaɗo da shirin Sahel Vert ake ta maganar shuka bishiya da irin wannan murhu, mu dai sai da aljihu ya ji jiki muka waiwaye shi. Inna da ke mana girki ta ce idonta ya huta da hawaye, ƙorafinta ɗaya ne, dole a faskara itacen siriri kuma ya bushe sosai, in ɗanye ne sai dai ku yi ta fifita.

Abin da ya fi daɗaɗa min rai ruwan zafi ne. In an sauke tuwon dare sai a ɗora babbar tukunya ta ruwa a rufe, yumɓun nan ya riƙe zafi, da asuba ruwan na nan da ɗuminsa. Ku da kuka san yadda ƙananan almajirai ke tsoma yatsa a buta cikin Janairu su janye, ƙafa duk faso hannu duk kaushi, yanzu layi suke yi da butocinsu ba sai Malam ya ɗaga murya ba.

To ga inda muka rabu da mai walda. Ya ce mana zai ɗumama zaure kaman na Turawa. E, a Ostiriya da Suwidin ana ɗumama lekol da gutsattsarin itace, amma can tukunyar ruwa ce babba ake hura wa wuta, ruwan zafin ya bi fayif ya zaga azuzuwa. Namu an yi shi ne don kar zafi ya fita, ka dafa jikinsa wuta na ci ɗumi kaɗan za ka ji. Haske ma babu, saboda haka wutar karatun dare tana nan yadda take, yara na nan suna zuwa karo kara. Bututun ne kawai ke ba da ɗan zafi ta inda ya ratsa zaure, shi kuma da kwanon rufi mara kauri ya yi shi, gwiwar har ta fara hujewa hayaƙi na tsiyaya, yaro ɗaya ma ya ƙone a damtse sai da muka kewaye wajen da tubali. Mun kira shi ya zo ya gyara, yau ne gobe ne. Kuma don Allah kar sanyi ya sa a kai wa yara kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, iskar da gawayi ke fitarwa ba ta wari kuma kisa take.

Mun gwada gawayin ɓawon gyaɗa irin wanda ake yi a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao ta wajen Mokolo, yana daɗewa yana ci amma toka ta yi yawa, ƙofar murhun nan kuma ta dogon itace ce bai zauna ba. Karan masakwa da na auduga suna ci sosai, sai dai mutum ya zauna a bakin murhu yana turawa.

In za ku sa a yi muku, ku tafi da tukunyarku a auna a kanta, in ratar da ke tsakanin tukunya da murhu ta yi faɗi zafin zai bi bututu ya tafi. Bututun kuma ku ce ƙarfe mai kauri kuke so ko da za ku ƙara kuɗi, kar ku cika wa mai walda sauran kuɗinsa sai an hura wuta a gabanku kun ga hayaƙi ya fita waje.