Difaranshiyal na motar rimot mai manyan tayoyi: a ƙarfafa na asali ko a dasa babba?

Ɗan'uwa, ka ce motarka ta rimot mai girman 1/10 (wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske) ta fara cinye haƙoran difaranshiyal na baya, wato giyoyin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin dama da hagu, tun da ka ɗora mata batir 4S (mai sel huɗu a jere) da tayoyi masu nauyi, kuma kana neman shawara tsakanin abu uku: sayen giyoyi masu tauri, dasa difaranshiyal irin na motocin 1/8 da suka fi taka girma, ko kulle shi gaba ɗaya yadda tayoyin biyu za su riƙa juyawa tare. Kafin ka fitar da kuɗi, ka kwance wanda ya lalace ka duba inda ɓarnar take, domin ita ce za ta zaɓa maka.

Wuri biyu ne ke lalacewa. Na farko shi ne inda babbar giya mai kama da zobe take haɗuwa da ƙaramar giyar da ke juya ta. Idan ka tarar da kawunan haƙoran sun goge sun yi sheƙi alhali gindinsu lafiya lau, kuma da ma kana jin ƙas-ƙas in ka ba da wuta da ƙarfi ko ka taka birki, to giyoyin ture juna suke yi har haƙoran su tsallake, ko dai saboda gidansu na roba yana buɗewa idan nauyi ya hau, ko boris ya ci, ko kuma tazarar da ke tsakaninsu ta yi yawa tun daga masana'anta. Wuri na biyu shi ne cikin kofin da babbar giyar ke ɗaure a jikinsa, inda ƙananan giyoyi suke raba ƙarfi tsakanin taya ta dama da ta hagu. A nan za ka ga haƙori ya karye, ko sandar da ke riƙe su ta rarake robar kofin.

Ƙarfafa na asali ya fi dacewa da ɓarna ta farko. Giyoyin da motoci da yawa ke zuwa da su, garin ƙarfe ne aka matse aka gasa, sun fi araha amma suna saurin ɓantarewa, su kuwa waɗanda aka sassaƙa daga dunƙulen ƙarfe aka ba su tauri sun fi jure duka. A cikinsu ma akwai masu miƙaƙƙun haƙora da masu haƙora a karkace. Na karkacen suna kama juna a hankali da faɗi mafi yawa, sun fi shiru, sun kuma fi ɗaukar nauyi, sai dai suna tura sandar giyar gaba ko baya, don haka boris mai kyau ya zama dole. Ana sayen babbar da ƙaramar tare, ba a haɗa ta karkace da miƙaƙƙiya.

Abin da mutane suka fi sakaci da shi, kuma a ganina shi ne rabin maganin, siraran washa ne masu kaurin milimita 0.1 ko 0.2 da ake sawa a bayan ƙaramar giyar ko a gefen boris na kofin domin matso da haƙoran. Ka sa ɗaya, ka rufe gidan ka ɗaure, ka riƙe ƙaramar giyar da yatsa ka girgiza babbar: motsi ɗan kaɗan ake so, wanda da ƙyar za ka ji shi, sannan ka juya ta zagaye guda cur ka tabbata babu inda take cijewa. Wanda ya sa giya mai tauri a gida mai lanƙwasa ba tare da wannan saiti ba, ya kafa ƙofar ƙarfe ne a jikin zana. Kofin alminiyam, da gidan alminiyam idan ana yin na motarka, su ne ke hana wannan buɗewar.

Dasa na 1/8 magani ne na ɓarna ta biyu da kuma wuta mai yawa. Yawancinsu ƙananan giyoyi huɗu ne a cikin kofin maimakon biyun da ake samu a ƙananan motoci da dama, saboda haka nauyin yana rabuwa wuri huɗu, ga haƙora manya da boris manya. Kamfanin ƙera motocin rimot na Traxxas da kansa ya ƙara girman difaranshiyal a E-Revo 2.0 da ya fitar a 2018, motar da aka ƙera don batir 6S, wato volt 22.2, alhali naka 4S volt 14.8 ne. Wahalar ita ce babban ba ya shiga gidan ƙarami, sau da yawa sai an canja gidan da sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi, kuma adadin haƙoran zai iya bambanta. Idan ya bambanta, tilas a canja gaba da baya tare, in ba haka ba tayoyin gaba da na baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya tsinke.

Kullewa ba na ba da shawararsa ga motar gudu da tsalle. Ƙananan giyoyin sun huta, amma motar za ta ƙi shan kwana, ta riƙa kifewa, dukan kuma ya koma kan sanduna da babbar giya.

Duk wanda ka zaɓa, man silikon da ke cikin kofin yana da tasiri. Mai ruwa-ruwa yana barin tayar da ta tashi sama ta yi ta juyi a banza har giyoyin ciki su yi zafi; a irin waɗannan motoci an saba zuba mai lambar kauri 10,000 zuwa 50,000 a difaranshiyal na gaba da na baya. Haƙoran waje kuwa giris suke so.

A kan 4S, ni zan tsaya ga na farko: giyoyi sassaƙaƙƙu, kofin alminiyam, sabon boris da saitin washa, sannan in rage zafin tashi a na'urar sarrafa gudu, in kuma ɗan sassauta kulocin zamewa, wanda ke zamewa idan ƙarfi ya yi yawa don kare giyoyi, idan motar tana da shi. Ka kuma riƙa sakin totur kafin tayoyin su taɓa ƙasa bayan tsalle, domin sauka da wuta a buɗe yana karya har na 1/8. Idan bayan wannan duka ƙananan giyoyin ciki ne suka ci gaba da karyewa, sai ka fara auna gidan motar ka ga ko babban zai shiga.