Wane Mai Za Ka Saya Wa Tsohuwar Fiyanonka?

Duk wanda ya mallaki tsohuwar fiyanon lantarki irin Roland Juno-106 ta 1984 ya san ƙarar nan ta ƙwar-ƙwar da ke tashi da zarar an taɓa maɓallin da ake ja sama da ƙasa. A cikin kowane maɓalli akwai siririn layi na kabon, da ɗan ƙarfe mai bi ta kansa. Ƙura da busasshen giris ne ke shiga tsakaninsu, mu kuma nan ƙurar hunturu ba ta raga wa kowa.

Akwai man feshi iri-iri da ake wanke irin wannan datti da su. WD-40 na yau da kullum, bar shi wa ƙyauren gida. Kontakt 60 yana cin tsatsa, amma dole a wanke shi da wani feshin, Kontakt WL, in ba haka ba ya ci gaba da cin ƙarfen. DeoxIT D5, mai jan tambari, na soket ne da makunnin ƙarfe. Sifirit na isopropyl mai kashi 99 yana wanki tas, sai dai ya bar wurin a bushe ƙayau.

Ni dai DeoxIT Fader F5 nake saya, mai koren tambari, na kamfanin CAIG da ke Amurka. Don layin kabon da na roba aka yi shi, yana wankewa ya kuma bar ɗan maiƙo. Ka cire wuta, ka fara share ƙurar da burushi mai laushi, ka fesa kaɗan, sannan ka ja maɓallin sama da ƙasa har ka ji ya saki. Kada ka yi masa wanka. Nauyin nan mai daɗi da yatsa ke ji, girisin masana'anta ne, kuma feshi mai yawa yana kwashe shi, maɓalli ya koma sakwaf. Idan hakan ta faru, sai an kwance an shafa giris mai danƙo irin Nyogel 767A a jikin ƙarfen da maɓallin ke zamewa a kai, ban da layin kabon.

Abin da ya fi damuna jabu ne. Wani dillali ya taɓa rantse mini cewa gwangwaninsa na asali ne, ina fesawa robar maɓallin ta yi fari ta tsage, har rubutun fuskar fiyanon ya fara narkewa. Samun madadin irin wannan maɓalli sai an yi odarsa daga waje. Don haka kafin gwangwani ya kusanci kayanka, fesa a kan gilashi: na kirki zai bar maiƙo siriri, na banza ya bushe fayau ko ya yi warin kananzir. Gwada shi kuma a kan tsohon gidan kaset, ka bar shi ya kwana ka ga ko zai ci robar. Duba ko tambarin manna shi aka yi a kan wani, ko rubutun ya dusashe. In farashin ya faɗi warwas, ajiye masa abinsa. Wanda kuma ya ɗura maka a kwalba ya ce duk ɗaya ne, kada ka karɓa ko kyauta ce.