BOINC a kan layin intanet mai tafiyar hawainiya

BOINC manhaja ce ta kyauta da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar a 2002, wadda mutum ke ba masu bincike aron ƙarfin kwamfutarsa da ita. A yawancin ayyuka, lissafin kansa ba ya buƙatar intanet. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sauke fayilolin aikin da mayar da sakamako, kuma a nan manhajar ta cancanci yabo, ko da yake saitin da take zuwa da shi bai dace da layi mai rauni ba.

Babban abin da ta iya shi ne ci gaba daga inda ta tsaya. Idan sabis ya yanke ko aka ɗauke wuta bayan an sauke rabin fayil, ba ta komawa farko. Sai dai duk lokacin da ta gwada ta kasa, tana ƙara tsawon jiran da za ta yi kafin ta sake gwadawa, har ya kai awanni. Sabis zai dawo ita tana zaune. A shiga shafin Transfers, a zaɓi fayil ɗin, a danna Retry Now.

A lura da lissafi. Layi mai gudun kilobit 256 a daƙiƙa yana jawo kilobayit 32 ne kawai, wato fayil mai gigabayit 2 zai ci kusan awa 17, in ba a samu yankewa ba. Akwatin iyakance gudu na BOINC da kilobayit yake ƙirga, kamfanonin sadarwa kuwa da kilobit suke talla. A raba adadinsu gida 8 kafin a cike shi.

Gyara mafi amfani yana cikin fayil ɗin cc_config.xml, wanda a Windows ake ajiyewa a C:\ProgramData\BOINC. A asali manhajar tana jawo fayil 2 lokaci guda daga kowane shirin bincike da aka shiga, 8 a jimlace. A siririn layi sai su yi ta cinkoso, wanda ya tsaya cik na daƙiƙa 300 kuma a yanke shi. A mayar da max_file_xfers (jimlar fayilolin da za ta ja lokaci guda) zuwa 1, a ɗaga http_transfer_timeout (daƙiƙun da za ta jira kafin ta yanke) zuwa 900, sannan a danna Read config files. Abin haushi ne a ce saiti irin wannan sai an rubuta shi da hannu.

Mai sayen datar dare mai rahusa zai ji daɗin Daily schedules, inda ake ware awannin da aka yarda ta taɓa intanet. Akwai kuma inda ake yanke mata megabayit kaza a cikin kwana kaza.

Duk da haka, zaɓen shirin da za a shiga ya fi kowane saiti tasiri. PrimeGrid da SixTrack na LHC@home fayilolinsu ƙanana ne, sun dace. Einstein@Home yana da nauyi da farko, amma ayyuka da dama kan yi amfani da fayilolin bayanai iri ɗaya. Climateprediction.net na Jami'ar Oxford wahalarsa a wajen mayar da sakamako take, domin fayilolin da yake turawa manya ne. Waɗanda za a guje wa su ne ayyukan da ke buƙatar VirtualBox, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfutarka, irin su ATLAS da CMS na cibiyar binciken kimiyya ta CERN: suna sauke babban fayil tun farko, sannan su ci gaba da jan bayanai daga cikin kwamfutar kwaikwayon, inda iyakar da aka sa wa BOINC ba ta isa. Data ta ƙare ba a san ta ina ba.

Kada a danna Reset project don fayil ya maƙale, yana goge duk abin da aka sha wuya aka sauke. Kada kuma a tara aikin kwanaki da yawa, saboda wa'adin mayar da sakamako yana fara ƙirga ne tun daga lokacin da aka ba ka aikin, ko da fayil ɗin bai gama sauka ba. Ajiyar kwana 1 ta wadatar.