Faifan DVD ko kallo ta intanet: abin da na gani a gidana a Gombe

A ƙarshen 2023 na sayi talabijin mai shiga intanet. Ranar da aka kafa ta a bango na naɗe wayoyin injin DVD ɗinmu na ɗora shi saman durowa, faifanmu kuma na zuba a kwali na tura ƙarƙashin gado. Na yi rijista da manhajoji biyu na biyan kuɗi, ɗaya ta ƙasashen waje, ɗaya ta fina-finan Hausa, ga YouTube kuma a gefe. Yau injin nan ya sauko, yana ɗakin Inna, kuma ina neman na biyu in ajiye.

Gaskiya dai, wajen kyan hoto babu haɗi. Faifan DVD na asali layi 576 yake nunawa a irin tsarin talabijin ɗinmu, shi kuwa cikakken HD, wato hoto mai kaifi irin wanda ake samu ta intanet, layi 1080 ne, kuma a babbar talabijin ido yana ganin bambancin nan take. Ballantana faifan da muka saba saye a kasuwa, wanda ake cusa fim takwas ko goma a cikin gigabait 4.7 da aka yi domin fim ɗaya. Shi ya sa fuskar jarumi take dagulewa idan ya juya da sauri, dare kuma ya zama baƙi ƙirin ba ka ganin kowa. Akwai wani irin faifai, Blu-ray, mai ɗaukar gigabait 25, amma ni ban taɓa ganinsa a teburin masu faifai a nan ba. Sannan sababbin fina-finan Hausa masu dogon zango yawanci YouTube da tashoshin talabijin suke fita, ba faifai ba. Wanda yake son sabo, dole ya bi intanet ko ya kai memori wurin masu turi.

Inda lissafi ya fara canza mini shi ne data. Netflix, masu manhajar kallon fim ta ƙasashen waje da suka shigo Najeriya a watan Janairun 2016, sun bayyana da kansu cewa awa ɗaya na kallo yana cin kusan gigabait 1 a matsakaicin hoto, a HD kuma har 3. Ke nan fim mai awa biyu a HD zai iya cinye gigabait 6, fiye da abin da faifai guda yake ɗauka gaba ɗayansa. Wannan kallo ɗaya ne. Yarana uku ne, kuma duk mai yara ya san halinsu: katun ɗaya za su maimaita yau, gobe, jibi, har su haddace maganganun ciki. Kowace maimaitawa sabon biya ne. Na rage ingancin hoton, na sa doka sai Juma'a da Asabar, duk da haka datar wata ba ta kai wata. Da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, sai na soke manhajar waje, na bar ta Hausa kawai.

Za a ce ai ana saukar da fim a ajiye. Ana yi, amma a waya, ba a talabijin ɗina ba, kuma abin da ka sauke a irin manhajar nan yana da wa'adi. Kuɗin wata ya ƙare, ya rufe. Wata rana ma fim ɗin da mai ɗakina ta kai rabi muka nema muka rasa, an cire shi daga manhajar saboda yarjejeniyarsu da masu fim ta ƙare. Ba mu yi laifin komai ba, kuɗinmu na watan yana ciki. A ranar na gane cewa haya nake biya, ba saye nake yi ba.

Amma abin da ya sauko da injin daga saman durowa Inna ce. Ba ta karatun boko, rimot ɗin sabuwar talabijin kuma ya fi ƙarfinta: shiga nan, zaɓi can, rubuta suna. A da ba ta neman kowa. Ta san faifanta da launin bangonsu, ta san maɓallin da yake buɗe bakin injin da wanda yake kunnawa. Da na kawo sabon tsari sai ta koma jiran wani ya dawo daga makaranta ya kunna mata. Ba ta yi ƙorafi ba, kallon kawai ta rage.

A azumin 2024, ranar 14 ga Maris, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya yi rauni a wurare da dama na kwanaki. Bayan sallar asham na yi ta ƙoƙarin kunna mata tafsiri, abin yana ta juyawa. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai wannan, ina faifaina na tafsiri?"

Na ce, "Suna nan a kwali, Inna."

"To ka ɗauko mini su da injina. Wannan naku ne na yara."

A daren na hura ƙurar injin na haɗa shi da tsohuwar ƙaramar talabijin a ɗakinta. Da hannunta ta sa faifan. Tun daga ranar ban ƙara jin ta kira wani ya zo ya kunna mata ba, kuma jikoki can suke taruwa bayan magariba, su zauna a tabarma su kalli abu ɗaya tare. A falo kuwa, kowa da wayarsa.

Akwai kuma maganar tarbiyya, wadda ta fi komai damuna. Faifan da yake gidana na san abin da ke cikinsa, don na kalla kafin in miƙa. Idan ya ƙare, ya ƙare. A intanet bidiyo ɗaya yana ƙarewa wani yake hawa, ga talla a tsakani wadda ba kai ka zaɓa ba. Akwai sashen yara da lambar sirri, na kunna su kuma suna taimakawa, amma ban taɓa samun natsuwar barinsu su kaɗai ba.

Faifai ma yana da nasa ciwon. Ƙurar hunturu tana shiga idon injin ya daina karantawa, yaro ya ja faifai a siminti ya karce, fim ya maƙale daidai inda ake son gani. Sannan yana buƙatar wuta. Lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe a Afrilun 2024, muka yi makonni a duhu, injin bai amfane mu da komai ba. Fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, ba zan tayar da janareta don fim ba. Waya ce ta yi rana, a kai ta caji a dawo. Sai daga baya da na haɗa ƙaramar sola matsalar ta yi sauƙi.

Wani abin da ba na ɓoyewa: yawancin faifan fim da ke kwalina na satar fasaha ne. Wanda ya zuba kuɗinsa ya shirya fim bai ga ko kwabo daga hannuna ba. A manhajar biyan kuɗi ko a tashar mai fim ta YouTube, aƙalla wani abu yana isa gare shi. Wannan ne dalilin da ya sa ban soke ta Hausar ba, ko a watan da aljihu ya yi zafi.

Don haka tsarin gidana yanzu shi ne: sabon fim ni da mai ɗakina muna kallo ta intanet, a matsakaicin hoto, sau ɗaya. Abin da za a maimaita, wato tafsiri, katun ɗin yara da bidiyon bukukuwan dangi, yana faifai. Wanda gidansa babu tsoho babu yara, kuma yana da intanet mara iyaka, ban ga dalilin da zai sa ya nemi injin DVD ba.

Makon jiya injin ya fara jinkirin karanta faifai, na kai wa wani mai gyara a Jekadafari. Ya goge idon da auduga, ya ce, "Malam, wannan zai ƙara tafiya, amma kayan gyaransa sun fara wuya. In ka samu wani mai kyau ka saya ka ajiye." Na bar masa sallahu ya nemo mini. Faifan auren ƙanwata kuma, wanda marigayi Baba yake ciki yana sa albarka, na ba da an kwafe shi a filash guda biyu, ɗaya yana wurina, ɗaya na aika mata Bauchi.