Pi-hole a gidanmu na Garwa, bayan wata huɗu

Wayar Hajiya ce ta sa ni shiga wannan harkar. Tana sauraron karatu a wata manhaja, ana tsakiyar aya sai tallan caca ya faɗo ya rufe fuskar wayar, wai zuba jaka ɗaya ka ci miliyan, ita kuma idonta ba ya ganin ɗan X ɗin nan na kusurwa sai ta danna tsakiya ya kwashe ta zuwa wani wajen. Rannan ta miƙo min wayar ta ce "kai ɗan nan, raba ni da waɗannan shaiɗanun." To wayoyi tara ne a gidan kan boks ɗaya na 4G mai ba mu wifi, forfe ɗin wata, wato datar da muke saye, ba ya kai mu ashirin ga wata, in na ce zan bi waya waya ina gyarawa ba zan gama ba. Shi ne na nemo Raspberry Pi na hannu, ɗan kwamfutan nan mai girman katin banki da ake yi a Birtaniya, na ɗora masa Pi-hole.

Aikinsa ba wuya a gane. Duk sanda waya za ta buɗe wani abu sai ta fara tambayar DNS ina adireshin wurin yake, to Pi-hole shi ke zama mai gadin ƙofa, in sunan da aka tambaya yana cikin jerin masu talla sai ya hana amsa, tallan ma ba ya saukowa balle ya ci maka mega. In suna ne mai kyau sai ya miƙa tambayar gaba, ni na zaɓi 1.1.1.1 na Cloudflare, wasu na sa 8.8.8.8 na Google. Kyauta ne, tun 2014 Jacob Salmela ya fara shi, kuma 512 MB na RAM ya ishe shi, ko tsohuwar laftof mai Linux da ke kwance a gida za ta yi.

Ɗorawar kanta layi ɗaya ce ka kwafa a tasha, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ka bi tambayoyi. Inda na sha wuya wajen boks ne, don namu ba shi da wurin canza DNS sam. Sai da na ba Pi ɗin adireshi tsayayye, na kashe DHCP na boks na kunna na Pi-hole ya riƙa raba wa wayoyi adireshi da kansa, sannan kowa ya kashe wifi ya sake kunnawa. Wayar ƙanina kuma ta ƙi, talla na ta zuwa, ashe Private DNS ɗinsa na Android a kunne yake yana zagaye mai gadin ta bayan gida. Duk wanda zai gwada ya duba wannan tun farko.

Gaskiya abin ya yi. Wasannin yara da kowane mataki sai ka kalli bidiyon talla sun yi tsit, shafukan labarai na buɗewa da sauri ko da yamma da rezo, wato sabis, ke nauyi, kuma shafinsa na kula da aiki yana nuna maka kowace waya da abin da take tambaya. Ranar farko na zauna ina kallon talabijin ɗinmu tana ta aika tambayoyi alhali ba mai kallonta, wallahi jikina ya yi sanyi. Amma wannan shafin amana ce, kana ganin inda mutanen gida ke shiga, don haka na gaya wa kowa, Yaya ma ya ce in rage abin da ake ajiyewa na rage.

Kada wani ya ruɗe ka, tallan YouTube yana nan daram, haka na Facebook, domin ta ƙofa ɗaya suke fitowa da bidiyon, ka toshe ɗaya ka toshe duka. Sakamakon farko na binciken Google mai alamar talla shi ma in ka danna ba ya buɗewa, matar Yaya ta yi ta mita kan wannan har ta saba sauka ƙasa kaɗan.

Babbar matsalar a nan kuran ne, wato wutar lantarki. Tunda duk gidan ta kansa ake bi, in Pi ya mutu intanet ya tsaya wa kowa ko da boks na ci da batirinsa. A watan Afrilu da zafi ya wuce 40 ana ta ɗauke wuta, katin memori ya lalace sau ɗaya na sake ɗora komai daga farko. Yanzu na haɗa shi da boks kan ƙaramin batiri mai riƙe su in an ɗauke, na ajiye kati na biyu da komai a ciki cikin durowa, na kuma ɗauke shi daga kan taga zuwa ƙasan tebur inda rana ba ta kaiwa. Mai shirin yi ya sa kuɗin batirin nan cikin lissafi tun kafin ya sayi Pi ɗin.