Maganin ciwon ciki a Ingila: tambaya ta fi ƙwaya yawa

Yaya, barka da warhaka. Na samu saƙonka cewa Inna na fama da ciki, har tana cewa a aiko mata da maganin Turai. Bari in ba ka labarin yadda lamarin yake a nan Birmingham.

Maganin da ke kan kanta a nan kusan shi ne na kemis ɗin unguwarmu: Gaviscon da Rennie na ƙwannafi, omeprazole na rage tsamin ciki. Fargabar jabu ce kawai babu. Amma hannunsu a matse yake. Paracetamol ƙwaya 16 ne a kwali a babban kanti, kuma ba a sayar wa mutum fiye da kwali biyu. Flagyl kuwa, da muke sha kamar gyaɗa da zarar ciki ya murɗa, ko kuka za ka yi ba ka samunsa sai da takardar likita.

Mai kemis a nan sai ya tsare ka da tambayoyi kafin ya miƙa hannu kan kanta. Nuna mini wurin da yatsa ɗaya. Yaushe ya fara? Wane launi bayan gida yake? Kana ramewa? Wane maganin ciwon jiki kake sha? Da farko na ɗauka tsabar sa ido ne, ashe da su suke tantance wanda zai koma gida da wanda za a tura asibiti.

Kumburi bayan an ci wake ko ƙosai, wanda gyatsa ko shiga banɗaki ke saukarwa, ba ya ɗaga musu hankali. Haka ƙwannafin wanda ya cika ciki da yaji ya kwanta. Zawon kwana ɗaya ko biyu ma ruwan gishiri da sukari za a ce ka sha.

Inda fuskarsu ke sauyawa shi ne ciwon da ya zo farat ɗaya da ƙarfi, ko cikin ya yi tauri, mutum ba ya son ko a taɓa shi. Ciwon da ya fara a cibiya, bayan wasu awoyi ya gangara mara ta dama, tari ko tafiya na ƙara shi, afendis suke zargi, kuma idan ya fashe sai a ji kamar an samu sauƙi kafin abin ya dawo da muni. Aman jini, ko amai mai kama da garin kofi, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, alamar jini na zuba a ciki ce. Wanda ciki ya kumbure masa, ba bayan gida ba tusa, yana ta amai, hanji ne mai yiwuwa ya toshe, musamman mai ƙaba. Mace da al'adarta ta ɗauke, ga ciwon mara ta gefe ɗaya har da ciwon kan kafaɗa, gudun cikin wajen mahaifa suke yi. Dattijo ko mai ciwon sukari da ya ce ƙwannafi ne amma yana gumi, numfashi na sarƙewa, zuciyarsa za a fara dubawa. A gida Najeriya sai mu ƙara da mai zazzaɓin taifot da ciki ya ƙulle masa a mako na biyu ko na uku, don hanji kan huje. Duk waɗannan ba na jiƙo ko kanwa ba ne. A nan lambar gaggawa 999 ake bugawa, idan kuma ana kokwanto a kira 111, su yi maka tambayoyin ta waya.

Kada ka ɗauka aljanna ce. A sashen gaggawa ba mai ce maka kawo kuɗi kafin a taɓa ka, amma awa 4 da suka yi alkawari sau da yawa ana wuce ta a kan kujera. Mu baƙi kuma mun riga mun biya kuɗin lafiya fam 1,035 na kowace shekara tare da biza, ga fam 9.90 kan kowane maganin da likita ya rubuta. Ganin likitan unguwa sai ka kama waya tun ƙarfe 8 na safe. A Kano mai kuɗi a hannu yau zai ga likita, yau a yi masa hoto. Ta nan kam kun fi mu.

Maganar Inna, ka duba ledar magungunanta. Idan akwai diclofenac ko ibuprofen na ciwon gwiwa, su kansu suna jawo olsa. Ka kai ta a yi gwajin bayan gida na H. pylori, ƙwayar cutar da ke jawo olsa, kafin ta fara omeprazole, domin shansa cikin mako biyu kafin gwaji na iya ɓoye cutar. Idan kuma tana ramewa, ka faɗa wa likita tun farko. A nan wanda ya kai shekara 55 da wannan alama, na'urar leƙa ciki ake sa masa ba da jinkiri ba.

Ka gaishe ta da jiki, Allah ya ba ta lafiya. Ka kira ni da zarar sakamako ya fito.